Jonesborough: garin da ya shekara 38 yana sauraron baƙi kafin ya saurari kansa

A kusurwar arewa maso gabashin jihar Tennessee ta Amurka, a gindin duwatsun Appalachia, akwai wani ɗan gari mai suna Jonesborough. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 5,860 a cikinsa. Amma duk ƙarshen makon farko na watan Oktoba sai baƙi fiye da dubu goma su cika shi maƙil. A kakkafa manyan tantuna a filayen ajiye motoci da wuraren shaƙatawa, jama'a su zauna kwana uku, mutum ɗaya na tsaye gaban makirufo yana ba da labari, sauran sun yi tsit suna saurare. Tun 1973 ake wannan bikin na ba da labari. Garin har kirari yake yi wa kansa da babban birnin ba da labari na duniya, kuma ba a samu wanda ya fito ya yi masa gardama ba.

Duk mai neman misalin yadda labari ke tayar da ƙaramin gari, nan ake nuna masa. Misalin na da kyau, sai dai yadda aka saba kawo shi akwai gyara. Ayyuka biyu aka yi a Jonesborough, kuma shekara 38 ce tsakaninsu. Na farkon ya samo wa garin suna da kasuwa. Na biyun, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne ya taɓo tambayar da ta fi wuya: mutanen da ke kwana suna tashi a garin nan, fari da baƙi, ɗan asali da sabon zuwa, wane labari ne dukkansu za su yarda nasu ne?

Tsohon gari, sabon maƙwabci

An kafa Jonesborough a 1779, shekara 17 kafin a yi jihar Tennessee kanta, shi ya sa ake ce mata gari mafi tsufa a jihar. Ƙasar ta 'yan ƙabilar Cherokee ce kafin Turawa su tsallako duwatsu su kama wuri su zauna. A 1784 a nan mazauna yankin suka taru suka ce sun ɓalle daga Karolina ta Arewa, sun kafa tasu jihar mai suna Franklin, wadda ba ta cika shekara biyar ba ta watse. Andrew Jackson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na bakwai, ya yi zaman lauya a garin a 1788. Masaukin Chester Inn da aka gina a 1797 har yau yana tsaye a bakin babban titi.

Tarihi dai akwai shi, ci gaban ne ya bi ta wani wuri. Layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1850, amma mahaɗar jiragen ta faɗa wa wani ƙauye da ke gabas kaɗan, wanda ya bunƙasa ya zama Johnson City. Masana'antu, manyan shaguna, asibitoci, daga baya har jami'a, duk can suka tare. Aka bar Jonesborough da kotun gunduma da tsofaffin gine-gine. Zuwa 1970 mutanenta ba su wuce 1,500 da 'yan kai ba, shagunan babban titi kuwa sai rufewa suke ɗaya bayan ɗaya.

Rashin kuɗin nan ya yi wa garin rana ta wata fuska. Garuruwan da suka samu arziki sun rushe tsofaffin gidajensu sun dasa sababbi, Jonesborough kuwa ba ta da abin rushewa da ginawa, sai gine-ginenta suka tsira. A 1969 aka sa tsakiyar garin a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Manyan garin suka kafa dokar hana taɓa fuskar tsofaffin gidaje, aka binne wayoyin lantarki a ƙasa, aka shimfiɗa jan bulo a hanyar masu tafiya da ƙafa. Sai dai bulo ba ya kiran mutum daga wata jiha. Ana bukatar dalilin da zai sa baƙo ya zo, ya kwana, ya ci abinci, ya kashe kuɗi.

Amalanke da mutum 60

Dalilin ya fito daga wani malamin makarantar sakandare, Jimmy Neil Smith, ɗan garin, mai koyar da aikin jarida a Johnson City. Yadda shi kansa ya sha faɗa, yana cikin mota da ɗalibansa sai suka ji Jerry Clower a rediyo, wani mai barkwanci ɗan jihar Mississippi da ya fara da tallar takin zamani, yana kwararo labarin farautar dare. Yaran suka yi ta dariya. Nan tunani ya zo wa malamin: me zai hana a tara irin waɗannan mutane a Jonesborough?

A watan Oktoba na 1973 aka yi bikin farko. Ranar Lahadi da rana aka jawo tsohon amalanken gona aka ajiye kusa da kotu ya zama dandali, aka jera damman ciyawa suka zama kujeru, mutum kusan 60 suka zauna. Waɗanda suka hau amalanken ba 'yan wasa ba ne da aka sani. Manoma ne, malamai, tsofaffin 'yan siyasa, mutanen da aka san su da iya hira.

Wannan shi ne labarin da garin ke bayarwa game da kansa, kuma gaskiya ne. Amma akwai rabin da ba a cika jaddadawa ba. A daren Asabar, kwana ɗaya kafin zaman amalanken, Jerry Clower da kansa ya yi wasa a ɗakin motsa jiki na makarantar sakandare, kuma fiye da mutum dubu suka saya tikiti suka shiga. In da ƙidaya ake bi, daren Asabar ne bikin, zaman Lahadi kuwa ɗan ƙari ne. Duk da haka da aka zo tsara shekara ta biyu, zaman Lahadin aka ɗauka aka gina a kai, kuma da aka zo ba da tarihin asali, amalanken da mutum 60 aka riƙe, aka bar dubun nan a gefe.

A ganina wannan zaɓin ya fi duk abin da ya biyo baya bayyana yadda gari ke ƙera sunansa. Abubuwa da yawa sun faru a ƙarshen makon nan, aka tsamo guda ɗaya, wanda ya dace da irin garin da ake so a zama: ƙarami, marar fariya, mai zama kusa da juna. Aka yi ta maimaita shi shekara bayan shekara, a bakin masu gabatarwa, a takardun talla, a hirar 'yan jarida, har ya zama ba wanda ke tuna cewa zaɓa aka yi. Ba ƙarya a ciki ko kaɗan. Amma wanda ya zaɓi abin da za a maimaita ya fi wanda ya shaida abin da ya faru tasiri a kan abin da jikoki za su sani.

Cikin waɗanda suka hau amalanken akwai Ray Hicks, wani dogon manomi mai kusan mita biyu daga dutsen Beech a Karolina ta Arewa, sanye da kayan aikin gona, yana magana da wani tsohon karin Ingilishi na mutanen kan dutse da ko Ba'amurke sai ya kasa kunne sosai. Tatsuniyoyin Jack yake bayarwa, waɗanda danginsa suka gada baki da baki tun daga kakannin da suka zo da su daga Birtaniya. Jack ɗin nan kamar Auta yake a tatsuniyoyinmu, ƙaramin 'yan'uwa uku da aka raina, shi ne kuma ke dawowa gida da dukiya bayan ya yi wa dodo wayo. Hicks ya zama fuskar bikin, ya yi ta dawowa kusan kowace shekara. A 1983 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi girma da take ba masu riƙe da fasahar gargajiya. Ya rasu a 2003.

Daga nan abin ya kama da wuri. A 1975 aka kafa ƙungiyar adanawa da raya ba da labari ta ƙasa, NAPPS, mai hedikwata a garin. A shekarar nan kuma wasu 'yan'uwa biyu mata, Connie Regan da Barbara Freeman, suka ajiye aikinsu na ɗakin karatu a Chattanooga suka shiga ƙaramar mota suna zaga ƙasa, labari ne kaɗai abincinsu. Jackie Torrence, baƙar fata daga Karolina ta Arewa, ita ma tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu, ta hau dandalin a ƙarshen shekarun 1970 ta sauko sananniya. Donald Davis ya bar aikin limamin coci ya koma ba da labarin ƙuruciyarsa. Abin da da ake yi a baranda bayan cin abincin dare ya zama sana'a mai farashi da jadawali, garuruwa da dama a faɗin Amurka suka kwaikwaya suka kafa nasu bukukuwan, jami'ar da ke Johnson City ta buɗe karatun digiri na biyu a fannin. Smith kuwa ya zama magajin garin daga 1978 zuwa 1984. A zamaninsa ne, a 1983, garin ya koma rubuta sunansa da tsohon salon rubutu na ƙarni na 18 bayan shekaru fiye da ɗari ana gajarta shi. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna inda aka sa gaba.

Abin da bikin ya saya, da abin da bai saya ba

Shagunan da suka rufe sun buɗe, yanzu da kayan tsaraba, kayan tarihi da abinci. Tsofaffin gidaje sun zama masaukin baƙi. Yawan jama'a ya ninka kusan sau huɗu daga 1970 zuwa 2020, ko da yake ba adalci ba ne a jingina wannan duka ga bikin, domin Johnson City ta yi ta faɗaɗa, mutane da yawa suna aiki can suna kwana nan, iyakar garin ma an ƙara ta. Abin da ba a musu a kai shi ne suna. Ɗan Jonesborough da ya je wata jiha ya faɗi garinsu, akwai yiwuwar a ce masa, a'a, garin labarai ke nan. Har jirgin kaya da ke ratsa tsakiyar gari ya shiga cikin al'adar: in ya taho da ƙararsa sai mai ba da labari ya dakata, dubban mutane su jira shi ya wuce, a yi dariya, a ɗora daga inda aka tsaya.

To amma a duba waɗanda ke kan dandalin, a duba waɗanda ke kan kujerun. Masu ba da labarin gayyato su ake yi daga ko'ina a Amurka da wajenta. Masu sauraron yawancinsu baƙi ne, tikitin kwana ukun ya haura dala ɗari ga mutum guda. Ɗan gari yana cikin hidimar, ba shakka: shi ke sayar da abinci, shi ke ba da hayar ɗaki, shi ke nuna wa motoci wurin tsayawa, cocinsu ke dafa abin sayarwa. Labarin da ake bayarwa a tantin da ke bayan gidansa dai na wani ne, daga wani wuri. Akwai wani fili da aka ware inda kowa zai iya tashi ya gwada, amma ba nan ne zuciyar bikin ba.

Ko a cikin masu sana'ar ma an ga giɓi da wuri. Mary Carter Smith ta Baltimore da Linda Goss ta Philadelphia sun lura baƙaƙen fata 'yan ƙalilan ne a irin waɗannan dandamali, suka yanke shawara a 1982 su kafa nasu, a 1983 suka yi bikin farko a Baltimore, daga nan aka samu ƙungiyar masu ba da labari baƙaƙen fata ta ƙasa. In gwanayen da ake gayyatowa sun ji haka, ina ga baƙar fatar da aka haifa a Jonesborough, wanda makarantar baƙaƙen fata da ya yi aka rufe ta tun 1965?

Akwai kuma haɗarin rataya cinikin shekara a kan kwana uku. A 2020 da 2021 annobar korona ta mayar da bikin intanet, tituna suka zama wayam. A ƙarshen Satumba na 2024 guguwar Helene ta sauke ruwa a kan duwatsun yankin, kogin Nolichucky ya yi ambaliya ya tafi da gadoji da gidaje a kudancin gundumar, saura mako guda a fara, dole aka soke bikin shekarar.

Gini da bashi

Kafin waɗannan ma an taɓa girgiza. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar ta rabu biyu, ɓangare ɗaya ya riƙe mambobi, ɗaya ya riƙe bikin ya zama Cibiyar Ba da Labari ta Duniya a ƙarƙashin Smith. A 2002 cibiyar ta buɗe katafaren gininta a babban titi, kusa da Chester Inn, da ɗakin wasa inda ake ajiye gwani guda kowane mako daga bazara zuwa kaka. Da rance aka kammala ginin, mafi yawansa daga sashen raya karkara na ma'aikatar gona ta Amurka. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye a 2008, gudummawa ta ja baya, bashi bai ja ba. A ranar ƙarshe ta 2010 cibiyar ta kai kanta kotu ta ce bashi ya fi ƙarfinta. Ta fito a 2012, amma ginin ya fita daga hannunta ya koma na hukumomin yankin, ita ta zama 'yar haya a gidan da ta gina. Smith ya sauka. A 2013 aka ɗauko Kiran Singh Sirah, haifaffen Ingila, ɗan iyalin da Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, ya karɓi ragama. Bikin bai tsaya ba ko shekara ɗaya a wannan rikicin, kuma wannan ya nuna cewa tantunan ne ke riƙe da abin, ginin ƙawa ne.

Aiki na biyu

A daidai wannan lokacin ne, a 2011, aka fara ɗaya aikin, kuma dabararsa aro ce daga wani garin da ya fi Jonesborough ƙanƙanta. Colquitt, a kudu maso yammacin jihar Jojiya, gari ne na manoman gyaɗa da auduga mai mutum kusan dubu biyu. A 1991 wata 'yar garin, Joy Jinks, ta haɗu da wani mai shirya wasan kwaikwayo, Richard Owen Geer, suka shirya a tattara labaran mutanen gundumar a mayar da su wasa, mutanen su yi da kansu. A 1992 aka fara, da sunan Swamp Gravy, daga baya aka gyara tsohon rumbun auduga ya zama gidan wasan. A 1994 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin wasan al'adun jama'a na jihar, a 1996 kuma ya shiga shirye-shiryen al'adu na gasar Olamfik ta Atlanta. Geer da marubuciya Jules Corriere sun kai dabarar garuruwa da dama, Jonesborough na cikinsu.

Ga yadda ake yi. A horar da 'yan sa-kai na gari, a ba su na'urar naɗar murya, su bi gida gida, coci coci, su zauna da tsofaffi da matasa su yi tambaya su yi shiru. Wani lokaci kuma a tara mutane a zagaye, kowa ya ba da nasa a kan jigo guda, ba mai katse wani. Sai a kwafe abin da aka naɗa a rubuce, marubuci ya tsefe, ya haɗa wannan da wancan, ya sauya sunaye inda ya kamata, a koma wa masu labarin a nemi yardarsu. Sannan a kira duk mai so ya zo ya yi wasa, ba a korar kowa don bai iya ba. Makonni ana atisaye da yamma bayan an tashi daga aiki. Daga wannan aikin aka fitar da wasan I Am Home a 2011, da mutanen gari masu yawa a kan dandali, kuma a shekarar aka fara shirin rediyo na wata wata da ake yi a gaban 'yan kallo, tashar WETS ta jami'a ta watsa. Da farko sunansa Yarn Exchange, yanzu StoryTown.

Mu mun saba cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan dabarar da gangan take cire waƙar daga bakin mai ita. Labarin tsohuwar da ta yi aikatau a gidan farar fata, wata yarinya ce da ba danginta ba za ta haddace shi, ta faɗe shi da "ni", tsohuwar na zaune a layi na uku tana ji. Labarin sojan da ya dawo daga yaƙi ya kasa barci, wani ma'aikacin banki ne da bai taɓa riƙe bindiga ba zai ɗauka. Mai labarin ya samu sutura, domin ba shi ne a tsaye ba, abin da ba zai iya faɗa a gaban maƙwabta ba an faɗa masa. Wanda ya ɗauka kuwa ya shafe makonni yana maimaita rayuwar mutumin da da sai dai su gaisa a kanti. A nan nake ganin ainihin aikin yake, a wurin atisaye, tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Mutum 60 ko 70 da ba coci ɗaya suke zuwa ba, ba unguwa ɗaya suke ba, dole su jira juna, su riƙe wa juna yara, su san wanda matarsa ke asibiti. Wasan da 'yan kallo za su gani wataƙila bai kai na gwanayen Oktoba ƙwarewa ba, kuma ba a yi shi don ya kai ba.

Makarantar da aka rufe, jaridar da ake alfahari da ita

Wurin da aikin ya samu mazauni shi kansa labari ne. A 1940 aka buɗe makarantar Booker T. Washington domin yaran baƙaƙen fata, daga aji ɗaya zuwa takwas, a zamanin da doka ta hana su zama aji ɗaya da farare. Wanda ya gama yana son sakandare sai ya tafi makarantar Langston a Johnson City. A 1965 aka haɗe makarantu, aka rufe ta. Haɗewar nasara ce, amma ta zo da asara: wurin da al'ummar ke taruwa, inda malamansu ke da iko da daraja, ya tafi. Ginin ya daɗe ba a yi masa wani abin kirki ba, har hukumar garin ta gyara shi ta buɗe a 2013 a matsayin cibiyar fasaha, aka sa mata sunan iyalin McKinney. Ernest McKinney ya taɓa zama shugaban makarantar, shi ne kuma baƙar fata na farko da aka zaɓa kansila a garin, a ranar 4 ga Afrilu 1968, ranar da aka harbe Martin Luther King a ɗaya ƙarshen jihar, a Memphis. Ɗansa Kevin ya zama magajin gari baƙar fata na farko a 1988. A wannan ginin ake tattara labaran gari yanzu, har da na tsofaffin ɗaliban makarantar. Wato wanda zai ba da labarinsa ko ya koyi wasa, fari ne ko baƙi, sai ya taka ƙofar da a da fararen garin ba sa takawa.

Gwaji mafi tsauri ya zo ta kan abin da garin ya fi tinƙaho da shi. A 1820 wani mai masana'antar ƙarfe ɗan ɗariƙar Kirista ta Quaker, Elihu Embree, ya buga jaridar The Emancipator a Jonesborough, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a Amurka da ta keɓe kanta ga yaƙi da bauta kaɗai. Fitowa bakwai ta yi, daga Afrilu zuwa Oktoba, ya rasu a Disamba. Gari ne na Kudu, a jihar da ake bauta, shekara 40 kafin yaƙin basasa, ga shi da irin wannan jarida: wa zai ƙi a san shi da haka? Akwai allon tarihi a babban titi, masu zagayawa da baƙi ba sa tsallake shi.

Sai dai Embree yana rubuta jaridar yana da bayi a gidansa, wata mata mai suna Nancy da 'ya'yanta. Sai a wasiyyarsa ya nemi a 'yanta su. Masana tarihi sun daɗe da sanin haka, shi ma bai ɓoye ba, amma sani a littafi daban, a faɗa a dandalin gari daban. A 2021 ƙungiyar adana tarihin yankin, Heritage Alliance, ta fito da wasan da Anne Mason ta rubuta, mai ɗauke da sunan matar, inda aka bi shekarar 1820 ta idon Nancy. Ba a sauke allon Embree ba, ba a kuma ce jaridarsa banza ce ba. An dai ƙara mutum a cikin labarin, wadda shekara 200 tana cikin gidan ba a ambatonta. Na fi ganin ƙimar wannan a kan tarin labaran ƙuruciya masu daɗin ji, domin baƙar fatar garin da ke jin ana yabon Embree tun yana yaro ya san sauran zancen, kuma muddin ba a faɗa a fili ba, yabon na wasu ne, shi ɗan kallo ne.

Inda dabarar ta tsaya

Ba a rasa abin tsoro. Cibiyar McKinney ta hukumar gari ce, ma'aikatanta albashin hukuma suke ci, kuma garin yana rayuwa ne da kyakkyawan suna. Wanda ke wannan matsayi zai fi samun sauƙin ba da labarin zaluncin 1940 fiye da na rigimar filaye ko tsadar haya ta bana, domin masu laifin 1940 sun mutu, na bana kuwa suna zaune a majalisa. Sharaɗin neman yardar mai labari, wanda shi ke sa mutane su buɗe baki, shi ne kuma ke tace abin da zai fito. Sannan wasa yana son ya ƙare da waƙa da riƙe hannu, alhali ba kowane labari ne ya ƙare haka ba. Wanda ke zuwa atisaye da yamma ma, mai sararin yamma ne. Mai aiki biyu don ya biya haya, ko wanda ke zaune a gidan tirela, irin ɗan gidan nan da ake iya ja da mota, can bayan gari, sai an je an same shi, kuma sai an koma.

Akwai kuma iyakar da ba ƙoƙarin 'yan sa-kai da zai ƙetare ta. Dabarar ta ginu ne a kan hira da mazauna, saboda haka wanda aka kora tun kafin a fara hirar ba ya ciki. Jackson ɗin da garin ke nuna wa baƙi gidan katakon da ya sauka, shi ne ya sa hannu a dokar 1830 ta kwashe ƙabilun asali daga kudu maso gabas, wadda ta kai ga tusa ƙeyar Cherokee zuwa yamma a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Zuriyarsu yau suna Oklahoma, wasu kuma a ɗan yankin da suka riƙe a duwatsun Karolina ta Arewa. Muryarsu kan shigo Jonesborough ne ta hanyar aiki na farko, a tantunan Oktoba. Gayle Ross, wadda ta fito daga zuriyar John Ross, shugaban Cherokee a lokacin korar, tana cikin gwanayen da aka gayyato suka ba da labari a bikin.